Giɓin Binciken Kuɗi a Shirye-shiryen Gidaje na Gwamnatin Tarayya: Nazari Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dokokin da suka tsara bin diddigin kuɗin gidaje na tarayya, ta auna su da halin ma'aikaci ɗan haya a ƙaramar hukumar Tarauni. Ta gano cewa raunin sa ido ya samo asali daga tsarin dokokin kansu.

Gabatarwa

An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, sai Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta ɗaura aniyar gina gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha, amma ko rabi ba a kammala ba kafin juyin mulkin 1983. Shagari Kwatas ta Kano tana cikin ragowar wannan shiri. A 1992 kuma, dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta wajabta cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci.

Mazaunin Nazari

Gyaɗi-Gyaɗi, da ke ƙaramar hukumar Tarauni, tana daf da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don haka ma'aikatan tarayya da dama suna haya a unguwar. Irin wannan ma'aikaci duk wata yana ganin cirar asusun a takardar albashinsa, shekara na zagayowa kuma mai gida ya aiko neman kuɗin haya. Wa ke bin sawun abin da aka cire masa?

Tattaunawa

Giɓi na farko yana cikin sashe na 85 na tsarin mulkin 1999. Ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya duba asusun gwamnati, amma ya hana shi binciken hukumomin da doka ta kafa kai tsaye. Iyakarsa ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi kan rahotonsu, ya riƙa leƙawa jefi-jefi. Hukumar gidajen da bankin duk suna wannan rukuni, wato wanda za a bincika shi ke zaɓen mai bincikensa.

Na biyu, dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna. Kuɗi na Abuja, takardar fili ta Kano. Idan aiki ya tsaya, kowane ɓangare yana da wanda zai ɗora wa laifi.

Na uku, rahoton binciken kuɗi yakan isa kwamitocin majalisa a makare, bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa.

Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a gyara sashe na 85, a sauya dokar binciken kuɗi ta 1956, a kuma wajabta ƙirga gidaje ido da ido kafin biyan ɗan kwangila. Ƙungiyoyin ma'aikata a Tarauni kuwa, su yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 su nemi lissafin kuɗinsu a rubuce.