Ɓoye Ra'ayi da Ɗorewar Mulkin Kama-Karya a Jamus ta Gabas

Ɓoye ra'ayi shi ne mutum ya yabi gwamnati a bainar jama'a alhali ya tsane ta a zuci. Masanin tattalin arziki Timur Kuran ya yi nazarin wannan ɗabi'a a littafinsa na 1995, inda ya nuna cewa idan kowa ya yi gum, mai ƙorafi sai ya ɗauka shi kaɗai ne, ita kuwa gwamnati ta ci gaba da cin karenta babu babbaka.

Jamus ta Gabas, wadda jam'iyyar SED ta mulka shekara arba'in, ta ɗanɗana wannan sosai. A 1989 hukumar leƙen asiri ta Stasi na da ma'aikata kimanin 91,000, ga kuma 'yan rahoto fiye da 170,000 cikin maƙwabta, abokan aiki, wani lokaci har ma'aurata. Wannan shi ne ɓangare mafi ciwo, domin ya kashe amana a cikin gida.

Ranar zaɓe, yawancin mutane kan ninke takarda su jefa a akwati ba tare da sun shiga lungun sirri ba, don shigarsa kaɗai na iya jawo zargi. A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 1989 gwamnati ta yi iƙirarin samun kusan kashi 99, amma 'yan ƙasa da suka sa ido wajen ƙirga suka fallasa maguɗi.

Ranar 9 ga Oktoban wannan shekarar, mutum kusan 70,000 suka fito zanga-zanga a Leipzig, jami'an tsaro ba su buɗe wuta ba. Bayan wata guda aka buɗe katangar Berlin.