Daga Cin Ɓoye Zuwa Zaman Tare: Tarihin Ƙungiyar Masu Zarin Ci

A ƙasar Isa da Sabon Birni, inda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, wanda ya ɗauko zancen yawan ci sai a ɗauka ba'a yake yi. Amma zarin ci ba cutar masu ƙoshi kaɗai ba ce. A shekarar 1944, masanin abinci Ancel Keys ya fara wani gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da maza 36. Aka rage musu kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida, har suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Da aka sake musu mara, wasu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, ciki ya cika amma rai bai ƙoshi ba. Ashe wanda ya sha yunwa da fargaba yana iya faɗawa wannan hali ranar da abinci ya samu.

A 1959 likitan ƙwaƙwalwa Albert Stunkard ya bayyana siffar ciwon. Mutum zai cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, galibi a ɓoye, daga baya kunya da nadama su lulluɓe shi. Sai dai kafin likitoci su daidaita a kansa, marasa lafiyar sun riga sun nema wa kansu mafita.

A 1958 wata matar aure a birnin Los Angeles mai suna Rozanne ta raka wani zuwa taron 'yan caca masu neman tuba. Tana sauraron yadda suke kwatanta ƙarya da ɓoye-ɓoye da alkawarin da ba ya cika, sai ta ji tamkar labarinta da abinci ake bayarwa. Ranar 19 ga Janairu, 1960, ita da wasu mata biyu suka yi zaman farko na ƙungiyar Overeaters Anonymous, wato masu zarin ci da ke sakaya sunansu. Sun ari tsarin matakai goma sha biyu na ƙungiyar mashaya giya, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a garin Akron a 1935.

Ƙa'idojin zaman masu sauƙi ne. Ba kuɗin shiga, ba a ɗora kowa a sikeli, ba a tilasta wa kowa wani tsarin abinci. Kowa zai faɗi abin da ya same shi, ba mai katse shi, kuma abin da aka faɗa nan yake tsayawa. Sabon shiga yakan zaɓi wanda ya riga shi samun sauƙi ya zame masa madogara, ya kira shi idan sha'awar ta taso. Abin da mutane da yawa suka fara samu a wurin shi ne jin cewa ba su kaɗai ba ne. Daga waɗannan mata uku ƙungiyar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta lissafa zarin ci a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin kundinta da ya fara aiki a 2022.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga zaman tare. Muna da ciyayya, inda maƙwabta kan fito da akusan tuwo su ci a ƙofar gida. Muna da adashi, muna da gayya. Abin da ke wahalar da mai wannan ciwo a Tozai ko Isa shi ne gori. Ana ce masa mahaɗami, ana yi masa dariya a gidan biki, shi kuma sai ya ƙara shigewa ɗaki da kwanonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba wanda zai buɗe cikinsa gaban mai yi masa dariya. Mutum uku masu riƙon amana sun isa fara zama, kamar yadda aka fara a 1960.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ina da jan hankali biyu. Na farko, wasu magunguna na buɗe ciki, irin su dexamethasone da cyproheptadine da ake sha don neman ƙiba, da wasu magungunan taɓin hankali. A gaya wa likita duk abin da ake sha, kada kuma a daina wanda ya rubuta ba da saninsa ba. Na biyu, zaman ƙungiya ba ya maye gurbin asibiti. Wanda abin ke faruwa da shi aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ko yana da ciwon sukari ko hawan jini, ya je asibiti mafi kusa. Idan da damuwa mai tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware.

Ku kuma iyali, idan kun tarar da tukunya wayam da asuba, ku jinkirta faɗa. Ku fara da tambayarsa abin da ke damunsa, sannan ku kira shi ya ci tare da ku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.