Daga Fijo 404 zuwa garejin Apo: tarihin injin sitiroka, da daren da namu ya fashe

Wannan rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye sai ya fito. Tun da aka dawo hutu ake ta yi mini tsiya a hostel, wai me ya sa na daina zuwa kallon wasan mota ranar Lahadi alhali da ni ne na gaba-gaba. Na gaji da ba da amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma sai mun bi ta tarihi tukuna, don a can amsar take.

A garejin wani dattijo a Apo na yi IT ɗina. Bakano ne, a kan Fijo ya koyi aiki a Kaduna tun ba a haife ni ba. Rana ta farko da na ce masa injiniyan injina nake karantawa, sai ya ajiye mini karanshaf biyu a ƙasa ya ce: "To ɗan boko, wanne ne na 404, wanne ne na 504?" Na duba, na sake dubawa, na ce Oga ai duk ɗaya ne. Yaran gareji suka kwashe da dariya. Ashe abin da ya raba su milimita 8 ne kacal a tafiyar fistin, kuma a kan irin wannan 'yar tazarar aka gina duk abin da ake kira sitiroka.

Ga 'yan Law da 'yan Mass Comm, bari in sauƙaƙa. Ku ɗauki silinda a matsayin turmi, fistin kuma taɓarya. Hanya biyu ce ta ƙara yawan abin da za a daka a bugu ɗaya: ko a faɗaɗa turmin, ko a ƙara nisan da taɓarya ke yi sama da ƙasa. Faɗaɗa silinda shi ne makanikai ke ce wa borin. Ƙara nisan tafiyar fistin kuwa sai an canza karanshaf, an sa wanda hannunsa ya fi tsawo. Injin da aka yi wa haka shi ne sitiroka. Yana shan iska da fetur fiye da da, kuma dogon hannun yana murɗa da ƙarfi, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajera ta kasa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kakanninmu sun hau sitiroka ba tare da sun san sunansa ba. Fijo 404 ta fito a 1960 da injin cc 1,618: faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin 73. Da kamfanin ya zo fitar da 504 a 1968, sai ya bar faɗin a 84 ɗinsa, ya ƙara tafiyar zuwa 81, injin ya koma cc 1,796. Daga baya aka faɗaɗa silindar zuwa 88, aka samu cc 1,971, wato injin lita biyu da kowa ya sani. Kun ga dabarun biyu a gida ɗaya. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Kafin ita, 404 ta ci wannan tseren sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Motar da ta yi ta jigilar mutanenmu daga Kano zuwa Legas, da akori-kurar da ke kai buhunan masara kasuwar Dawanau, jinin tsere ne a jikinsu.

To amma waɗanda suka mayar da wannan dabara sana'a da wasa, matasan Amurka ne. A shekarun 1930 samarin Kalifoniya sukan sayi tsofaffin motocin Ford, su cire duk wani abu mai nauyi, su nufi busassun tafkuna na hamadar Mojabe su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA, kuma babban aikinta riƙe agogo ne, a san wa ya yi gudu nawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilmin inji a hannu da ɗan kuɗi a aljihu. A 1949 motar Mercury ta fito da karanshaf mai tafiyar inci 4, alhali na Ford inci 3.75 ne. Nan da nan samari suka gane cewa na Mercury yana zama a bulok ɗin Ford, injin ya tashi daga inci-kubik 239 zuwa 255. Irin aikin da ake yi a Panteka ne sak: ɗauko na wannan, ɗora wa wancan.

Sai dai wasan ya bar hamada ya shigo gari. Ana tsere a kan titi da dare, ana kashe kai, ana kashe masu wucewa, jaridu suna zagi, 'yan sanda suna kame. Ku riƙe wannan wurin, don a nan tarihinsu ya yi kama da namu. Abin da suka yi shi ne neman fili. A 1950 wani mai suna C.J. Hart ya fara shirya tsere a wani titin jirgi da ke Santa Ana, ana biyan kuɗin shiga, ana duba mota, ana riƙe agogo. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa hukumar NHRA. Tsarin mai sauƙi ne: mota biyu, miƙaƙƙen layi, rubu'in mil, wato mita 402. A 1955 suka yi gasar ƙasa ta farko a Great Bend ta jihar Kansas.

Da agogo ya shigo, cika baki ya ƙare. Kowa ya koma gareji neman abin da zai rage daƙiƙa, kuma a nan sitiroka ya samu gida, domin a tseren mita 402 wanda ya fi ƙarfin fizga daga tsaye shi ke da rabin nasara. Mafi shaharar su shi ne 383 na Chevrolet. Kamfanin yana da injin 350, lita 5.7, mai faɗin inci 4 da tafiyar inci 3.48. A 1970 ya fitar da 400 mai tafiyar inci 3.75. Makanikai suka ɗauki karanshaf na 400, suka rage kaurin wuyansa a injin waƙi har ya zauna a bulok ɗin 350, suka ɗan yi borin zuwa inci 4.03. Ku buga lissafin a kalkuleta za ku samu 383, kusan lita 6.3. A gareji aka haifi wannan injin, daga baya kamfanin da kansa ya shiga sayar da shi.

Amma ba banza ake samun ƙarfin ba, kuma wannan ne ba a faɗa a bidiyon TikTok. Idan hannun karanshaf ya ƙara tsawo, kwanrod yana iya taɓa cikin bulok, dole a goge wurin a bar masa hanya. Fistin zai so ya leƙo sama da bakin silinda, dole a canza fistin ko a rage tsawon kwanrod. Nauyin da ke juyawa ya canza, dole a kai a daidaita shi, in ba haka ba injin ya yi ta karkarwa har metal ya cinye. Sannan babbar magana: a kowane juyi fistin yana cin tafiya mai nisa fiye da da, ke nan gudunsa ya ƙaru, kuma duk lokacin da ya kai ƙarshe sai kwanrod da notinansa sun tsayar da shi sun dawo da shi. Shi ya sa masu wannan aiki suke manna yumɓun roba a kan fistin, su juya injin da hannu, su kwance su auna tazarar da ta rage tsakaninsa da bawul. Kowane noti da sifanar awo ake ɗaure shi. Bayan an haɗa, sai a ɗora injin a kan na'urar gwaji da ake kira daino, wadda ke riƙe shi tana auna murɗarsa da ƙarfin dokinsa a kowane mataki na juyi. Ita ma tsohuwa ce: Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙirƙiro irinta ta farko a 1821, William Froude na Ingila ya kawo mai aiki da ruwa a 1877. Tun kafin a yi mota ake gwada inji a ɗaure, inda in ya fashe ƙarfe kawai za a yi asara.

Yanzu mu dawo gida. A 1976 gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa Abuja, aka tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. An zana garin da tituna masu faɗi da miƙewa, irin hanyar filin jirgi da ta Kubwa. Duk matashin da ya taso a lungunan Fagge ko Tudun Wadar Zariya, ranar da ya fara ganin wannan kwaltar da dare babu kowa, ƙafarsa sai ta yi masa ƙaiƙayi. Mu kuma dama mutanen doki ne, sukuwa a jininmu take. Wasan mota na ranar ɗaurin aure ɗan'uwan hawan angwanci ne, doki kawai aka canza. Bambancin shi ne, sukuwar Sallah tana da fili, tana da lokaci, tana da dogarai masu kare jama'a.

Ni da wani abokina ɗan ajinmu mun faɗa wannan ramin. Akwai haɗin da masu Honda ke yi a duniya: a ɗauki ƙasan injin K24, irin na Accord ɗin nan da muke kira End of Discussion, mai tafiyar milimita 99, a ɗora masa top silinda na K20 wanda asalinsa na injin mai tafiyar 86 ne kuma yana son juyi sosai. Muka tara kuɗi, har da na makarantarsa na zangon, muka sayi kayan Baljiyam, muka haɗa da yamma bayan an tashi daga aiki. Oga ya leƙo ya ce: "Ku sayi sababbin notinan kwanrod, ku ɗaure da awo. Kuma kada ku wuce jan layi." Muka ce to Oga, muka mayar da tsofaffin, muka ɗaure da ƙarfin hannu, don kuɗi sun ƙare kuma muna ɗokin Lahadi.

Ga lissafin da ban yi ba sai daga baya, duk da an koya mana shi a aji biyu. A juyi 7,000 a minti, fistin mai tafiyar 86 yana cin kusan mita 20 a daƙiƙa. Mai tafiyar 99 yana cin 23. A juyi 8,000 ya haura 26. Mu kuwa wajen ƙarfe ɗayan dare, a hanyar filin jirgi, allura ta doshi 8,000 muna ihu. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashinmu. Kwanrod ya ɓalle ya huda bulok, baƙin mai ya malale a kan taya, motar ta juya da mu sau biyu ta tsaya a gefen hanya wajen Lugbe. Da na buɗe ƙofa, abin da na fara gani wani mai shayi ne yana tattara kofuna, da yaronsa riƙe da bokiti. Tsakaninmu da teburinsu bai fi taku goma ba. Bai zage mu ba. Ya dai dube mu ya ce: "Sannunku samari, Allah Ya kiyaye gaba." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari Oga ya ɗaga guntun notin ya nuna mini inda ya miƙe kafin ya tsinke. Ya ce: "Kai kana da lissafi ba ka yi ba. Ni ba ni da shi, amma na san tsoron ƙarfe." Abokina kuwa sai da yayansa ya biya masa rajista a makare, har yau maganar ba ta mutu a gidansu ba.

Ko a Amurka, da duk filinsu da motar asibiti a tsaye, wasan yana cin rai. A watan Yunin 2008 direba Scott Kalitta ya mutu a Englishtown ta jihar New Jersey bayan injinsa ya fashe yana tsakiyar gudu. Hukumar NHRA ta rage wa manyan motocin nisa daga mita 402 zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, don su samu wurin tsayawa. Motocin nan suna cinye wannan nisan a ƙasa da daƙiƙa 4, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa, kuma bayan kowane zagaye ɗaya sai an kwance injin an duba. Mu kuwa a titin da iyakar gudunsa kilomita 100 ne, ga masu tsallakawa, ga masu shayi, muke gwada injin da ba mu auna komai nasa ba.

Ba hannu muka rasa ba, jama'a. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Physics a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar NADDC a nan Abuja. A Apo akwai mutanen da za su saurari inji na minti ɗaya su gaya maka metal ɗin da ya ci. Abin da ke tsakaninsu da mu 'yan aji shi ne raini: mu muna ganin su jahilai, su suna ganin mu 'yan takarda. Tarihin sitiroka gaba ɗayansa haɗuwar waɗannan biyun ne, mai sifana da mai agogo.

Don haka ga amsar masu tambaya: ban daina son mota ba, kallon titi na daina. Project ɗina na aji biyar ƙaramin daino ne mai birkin ruwa, wanda zai iya ɗaukar injin babur, kuma Oga ya yi alƙawarin waldar firam ɗin da kansa. Duk ɗan Mechanical ko Electrical da ke da sha'awa, ina neman wanda ya iya haɗa sensa da kwamfuta. Masu motocin Lahadi kuma, ku haɗa kai ku yi ƙungiya, ku nemi fili da izinin hukuma, ku sayi agogo da hular kwano. Samarin Kalifoniya ba su fi ku kuɗi ba lokacin da suka fara.

Allah Ya tsare mu da tsautsayi, Ya mayar da kowa gaban iyayensa lafiya da takardarsa a hannu.