Tambarin da Ke Jikin Rijiyar Burtsatsenmu: Taƙaitaccen Tarihin Ƙungiyar Rotary

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ina so in tuna mana da wani abu da kowannenmu ya sha wucewa ta gabansa. Watau rijiyar burtsatsen nan da ke tsakanin ɗakin shan magani na unguwa da katangar makarantarmu, wadda muka riƙa yin layi a bakinta da bokitai. A jikin dakalinta akwai wani allon ƙarfe mai tambarin wili mai haƙora, shuɗi da ruwan ɗorawa. A lokacin mun ɗauka tambarin kamfanin da ya haƙa ta ne. Sai da na gama jami'a na san na ƙungiyar Rotary ne. Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, amma tun da na sha ruwanta shekara shida, na ga ya kamata in bi sawunta.

An kafa Rotary ne a birnin Shikago na ƙasar Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya tara abokansa uku, da mai sayar da kwal, da injiniyan haƙar ma'adinai, da tela. Ba taimakon jama'a ne ya tara su da farko ba, zumunci ne da neman kasuwa a tsakaninsu, kuma da yake suna zagayawa da taron daga ofishin wannan zuwa na wancan, kamar yadda iyayenmu mata ke yin adashi, sai suka sa mata sunan da ke nufin kewayawa. Aikinsu na farko da suka yi wa jama'a shi ne fafitikar gina bayan gida na kowa da kowa a Shikago. Wani zai yi dariya, amma duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A 1917 suka buɗe asusun taimako, kuɗin farko da ya shiga cikinsa dala 26 ne da santi 50. Mata kuwa ba a buɗe musu ƙofa a duk duniya ba sai a 1989, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a shekarar 1961, sa'an nan na Legas da Ibadan suka biyo baya. Tsarinsu shi ne kowane reshe ya tara masu sana'o'i daban-daban, likita, da lauya, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin banki, su riƙa haɗuwa a kai a kai, su biya kuɗin ƙa'ida, su zaɓi aikin da za su yi a garinsu: rijiya, ko bencina da littattafai ga makaranta, ko gadaje ga ɗakin haihuwa, ko keken guragu. Shugaba shekara ɗaya tak yake yi ya sauka. A wurin aikina na ga yadda fayil ɗin gyaran rufin aji guda ke kwana a kan tebura har damina biyu ta wuce, saboda haka na san darajar mutanen da za su yanke shawara yau su tura birkila gobe.

To, amma babban aikin da ya haɗa ƙungiyar da ƙasarmu shi ne yaƙi da cutar shan-inna. A 1979 suka ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. Da suka ga abin ya yiwu, sai a 1985 suka ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 kuma suka haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF domin a kawar da cutar baki ɗaya. A wannan shekara ana ƙiyasin cutar na gurgunta yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Kuɗin da Rotary ta zuba daga lokacin zuwa yau ya haura dala biliyan 2.

A watan Yulin 2003 wani lauya mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ɗan reshen Kano, ya zama shugaban Rotary na duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A cikin wannan shekara tasa kuma jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, saboda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon. Ikon Allah ke nan. 'Yan ajinmu za su tuna irin gardamar da muka riƙa yi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Ni kaina ina cikin masu cewa kada a yarda, alhali a gadon da ke kusa da nawa akwai abokinmu wanda cutar ta shanye wa ƙafar dama, wanda muke karɓa-karɓa wajen ɗebo masa ruwa daga wannan rijiya. Bai taɓa sa baki a gardamar ba. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Duk da haka ba zan ce jahilci kaɗai ne ya sa iyayenmu suka ƙi ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Har ila yau suna da wata tambaya mai nauyi: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, alhali idan zazzaɓi ya kama yaro sai an sayi magani? Ga kuma zargin da aka daɗe ana yi wa ita Rotary ɗin cewa ƙungiyar asiri ce. Ni dai a iya binciken da na yi ban ga asiri ba, na ga ƙungiyar masu hali ce da ke taro a otal da Turanci, wanda hakan ya isa ya nesanta ta da talaka.

An koma rigakafi a Kano a ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, amma kafin nan cutar ta riga ta yaɗu, daga baya har ta kai ga ƙasashe kusan 20. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009, wanda ya sa hakimai da dagatai da masu unguwanni a gaba. Ba a kai ga nasara a sauƙaƙe ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano, Allah Ya jiƙansu. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, a Yulin 2014, na ƙarshe a Nijeriya kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da zagayen ɗigon ne saboda wani nau'in cutar da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Bayan Babbar Sallah na kai ziyara makaranta. Allon na nan, fentinsa ya koɗe, famfon kuwa ya daina aiki. Jami'ar da ke kula da ɗakin shan maganin ta ce mini wajen 'yan garuwa take sayen ruwan da za ta wanke hannu ta karɓi haihuwa, ɗalibai kuma sai sun tsallaka titi. Waɗanda suka haƙa sun miƙa ta ga unguwa da makaranta tun muna ciki, gyara kuwa bai hau kansu ba. Na kai wani makanike ya duba, ya ce bututu ne da roba suka lalace, ƙasa akwai ruwa. Takardar lissafinsa tana hannun sakatarenmu, kuma na roƙi shugaba ya sa maganar cikin ajandar babban taronmu mai zuwa, kafin a kai ga batun walima. Abokin namu da na ambata, wanda yanzu malami ne a wata firamare, shi ne ya fara aiko da nasa gudummawar.