Bugun riga da injin zafi

Bugun riga da injin zafi wata hanya ce ta manna zane, rubutu ko hoto a jikin tufafi ta amfani da zafi da matsi na wani ƙayyadadden lokaci. Ana fara shirya zanen a kan takarda ta musamman, ko leda, ko fim, sannan a ɗora shi a kan rigar, a danne da wani inji mai faranti biyu wanda na samansa yake ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Masu sana'ar suna kiran injin da suna hit-fires. An fi yin wannan bugu a kan riga mai gajeren hannu da ake kira ti-shat, da jesin 'yan ƙwallo, da hular hana-salla da jakunkunan yadi.

Hanyar ta samu karɓuwa a ƙananan shaguna da ɗakunan sana'ar hannu saboda tana ba da damar buga riga ƙwaya ɗaya tak, da sunan mai ita ko hotonsa, ba tare da an yi asara ba. Ingancin aikin ya dogara ne a kan abubuwa uku: yawan zafi, tsawon lokaci da ƙarfin matsi. Dole ne ukun su dace da irin yadin da kuma irin abin da za a manna. Idan ɗaya ya kauce, zanen yakan ɓare bayan wanki kaɗan, ko kuma rigar ta ƙone.

Tarihi

Ti-shat ta fara ne a matsayin rigar ciki. Rundunar sojin ruwan Amurka ta soma raba wa dakarunta ita a wajajen shekarar 1913. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka fara fita da ita a matsayin rigar waje, musamman bayan da jarumi Marlon Brando ya sanya ta a fim ɗin A Streetcar Named Desire na shekarar 1951. Tun kafin nan, a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1948, magoya bayan ɗan takara Thomas Dewey sun buga taken kamfe a jikin irin wannan riga.

A wancan lokaci hanyar da aka fi sani ita ce bugun rariya, wato a shimfiɗa wani lallausan raga a kan firam, a toshe inda ba a son launi ya bi, sannan a turo tawada ta sauran ramukan zuwa jikin yadi. Samuwar tawadar filastisol a ƙarshen shekarun 1950 ta ƙarfafa wannan hanya, kuma ita ce ta buɗe ƙofar bugu da zafi, domin ana iya buga ta a kan takarda a ajiye, sai ranar da ake buƙata a manna ta a riga. A shekarun 1960 da 1970 irin waɗannan takardu sun cika shaguna a Amurka. Mai saye yakan zaɓi zane daga waɗanda aka liƙa a bango, a manna masa a riga yana tsaye.

A Faransa kuma, a shekarar 1957, Noël de Plasse ya gano cewa wasu rinuka suna zama tururi idan suka ji zafi sosai, su shige cikin zaren foliyesta. Shi wannan zare masana biyu ne, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, suka samar da shi a Ingila a shekarar 1941. Daga baya kwamfuta da firinta da injinan yanka leda suka sauƙaƙa aikin. Injin Cricut, wanda ya fito a Amurka a shekarar 2006, ya sa masu sana'ar hannu da yawa suka fara yi a cikin gidajensu. Daga wajajen shekarar 2020 bugu ta hanyar fim ya bazu a ƙasashe da dama, yawanci da injinan da ake ƙerawa a Sin.

Yadda injin yake

Injin yana da faranti biyu. Na saman na alminiyam ne, kuma a cikinsa akwai wayar da ke ɗaukar zafi idan an ba ta wutar lantarki. Na ƙasan an shimfiɗa masa roba mai laushi wadda ba ta narkewa, a kanta ake ɗora rigar. Akwai allon da ake saita zafi da lokaci, da kuma wata kusa mai juyawa da ake ƙara matsi ko rage shi. Girman farantin da aka fi amfani da shi a shaguna shi ne santimita 38 a kan 38, ko 40 a kan 50.

Injinan sun kasu bisa yadda suke buɗewa. Akwai mai buɗewa sama kamar baki, wanda ya fi araha kuma ba ya cin wuri, sai dai hannun mai aiki yana kusa da farantin zafi. Akwai wanda farantin samansa yake juyawa gefe, wanda ya fi danna yadi mai kauri daidai wa daida. Akwai kuma wanda ake janyo farantin ƙasansa kamar aljihun tebur. Manyan masana'antu suna amfani da masu aiki da matsin iska, waɗanda suke rufewa su buɗe da kansu. Ana kuma ƙera masu lanƙwasasshen faranti domin hula da kofi.

Abin da ya bambanta injin da dutsen guga shi ne daidaito. Dutsen guga ba ya riƙe zafi ɗaya a duk faɗinsa, kuma ƙarfin hannun mutum ba ya kai matsin da gam yake buƙata kafin ya shiga tsakanin zare.

Hanyoyin bugu

Ledar yanka. Wannan leda ce mai launi ɗaya, wadda ake kira binil ko fileks. Bayanta akwai busasshen gam, gabanta kuma akwai wata leda garai-garai da ke riƙe da ita. Injin yanka yana bin layin zanen da ƙaramar wuƙa, sannan a tsince sassan da ba a so da tsinke. Yawanci ana danna ta a zafin da ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, na daƙiƙa 10 zuwa 15. Ita ce aka fi amfani da ita wajen sa suna da lamba a bayan jesi. Akwai mai ƙyalƙyali, akwai mai haska fitila da dare, akwai kuma mai laushi kamar karan-miski. Ba ta dace da hoto mai launuka da yawa ba, domin kowane launi sai an yanka shi daban.

Takardar manna hoto. Ana buga hoton da firinta ta gida ko ta ofis a kan takarda mai rufin roba. Akwai ta farin yadi, akwai ta yadi mai duhu, wadda take da farin shafi a ƙasa don kada launin rigar ya cinye hoton. Ita ce mafi arha wajen farawa, amma takan tsattsage ko ta koɗe da wuri.

Bugun tururin tawada. A wannan hanya, da ake kira sabilimeshan, tawadar tana tashi daga busasshiya ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Zafin yana sassauta zaren foliyesta, tururin ya shige ciki, idan yadin ya huce sai launin ya kulle a cikinsa. Saboda haka ba a jin tudun zanen idan an shafa, kuma ba ya ɓarewa. Tana buƙatar zafi mai yawa, tsakanin digiri 190 da 205, na daƙiƙa 45 zuwa 60. Iyakarta biyu ce: ba ta kama auduga zalla, kuma ba ta fita a baƙar riga, domin babu farar tawada a cikinta.

Bugu ta fim. Ana kiran sa DTF. Firinta tana buga launuka a kan fim, ta bi su da farar tawada, sannan a barbaɗa garin gam tun tawadar tana da danshi, a gasa shi ya narke. Bayan haka sai a danna fim ɗin a riga a zafin digiri 150 zuwa 165. Yana kama auduga da foliyesta da gaurayensu, fari ko baƙi. Ƙananan shaguna da yawa ba su mallaki firintar ba, sukan aika zane a bugo musu fim ɗin, su kuma su manna.

Matakan aiki

Aiki yana farawa ne daga shirya zane a kwamfuta da manhaja irin su CorelDRAW, Adobe Illustrator ko Inkscape. A ledar yanka da bugun tururi da takardar farin yadi, sai an juya zanen kamar yadda abu yake bayyana a madubi, domin kife shi ake yi a kan rigar. Mantawa da wannan yana cikin kurakuran da masu koyo suka fi yi, kuma sakamakonsa rubutu ne a birkice.

Idan injin ya kai zafin da aka saita, ana shimfiɗa rigar a danna ta ita kaɗai na daƙiƙa 3 zuwa 5, don a kori danshi a kuma miƙar da yamutsi. Danshin da ya rage a auduga yakan zama tururi ya hana gam kamawa. Daga nan sai a daidaita zanen a tsakiya. A rigar babba, masu sana'a sukan bar faɗin yatsu uku ko huɗu daga ƙasan wuya. Ana kauce wa ɗinki, maɓalli da zif, saboda tudunsu yana ɗage farantin ya rage matsi a inda zanen yake. Sai a rufe da takardar Teflon ko takardar gashi, a danne har lokaci ya cika.

Mataki na ƙarshe shi ne ɓare ledar sama. Wasu kayan ana ɓare su da zafinsu, wasu sai sun huce sarai, kuma kamfanin da ya yi kayan ne yake bayyana wanne ne. Da yawa sukan sake dannawa na 'yan daƙiƙu bayan ɓarewa don gefunan zanen su kwanta.

Matsalolin da ake samu

Idan zane ya fara ɗagowa daga gefe, yawanci zafi ne ko matsi bai isa ba. Idan farar auduga ta yi rawaya, ko foliyesta ta yi sheƙi daidai siffar farantin, zafi ne ya yi yawa. A jesi ja ko shuɗi na foliyesta, rinin yadin kansa yakan tashi ya shiga farin rubutu, har lamba fara ta koma ruwan hoda bayan 'yan kwanaki. Maganin wannan shi ne leda mai shafin kariya, ko wadda take kamawa a ƙaramin zafi. A bugun tururi, idan takarda ta motsa lokacin buɗe injin, hoton yakan fito da inuwa, shi ya sa ake liƙe ta da salatif mai jure zafi.

Wasu injinan masu araha suna nuna lambar da ba ita ce ainihin zafin farantin ba, ko kuma tsakiyarsu ta fi gefe zafi. Don haka ƙwararru sukan auna farantin da ma'aunin zafi na daban, su kuma yi gwaji a kan ƙyalle kafin su taɓa rigar mai kaya.

Kula da rigar

Ana so a bar rigar ta yi awa 24 kafin wankin farko. A juya ta ciki waje, a wanke da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ba tare da bilic ba, kuma kada a cuɗa wurin zanen da ƙarfi ko a goga masa buroshi. Wajen guga, ta baya ake bi, ko a ɗora ƙyalle a kai. Dutsen guga na gawayi yana da haɗari na musamman a nan, domin ba a iya saita zafinsa.

Lafiya da doka

Farantin injin yana iya ƙona fata cikin ƙiftawar ido, don haka ake nisanta yara daga wurin aiki. Ledar da aka yi da PVC da garin gam na bugun fim suna fitar da hayaƙi idan sun ji zafi, shi ya sa ake buƙatar ɗaki mai shan iska da takunkumin hanci wajen barbaɗa garin. A Amurka, wata doka ta shekarar 2008 ta taƙaita yawan dalma a kayan yara, kuma ta shafi bugun da ake yi a tufafinsu.

Buga tambarin kamfani ko na ƙungiyar ƙwallo, ko zanen wani mai fasaha, domin sayarwa ba tare da izini ba, keta haƙƙin mallaka ne a yawancin ƙasashe. A Najeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa take kula da aiwatar da ita.

Matsayinsa a kasuwa

A bugun rariya kowane launi yana buƙatar nasa firam, kuma shirya shi yana cin kuɗi da lokaci, amma da zarar an gama ana iya buga ɗaruruwan riguna cikin sauri. Shi ya sa manyan kwangiloli, irin su rigunan kamfe na lokacin zaɓe, suka fi tafiya can. Bugu da zafi ba shi da wannan kuɗin shiri, sai dai kowace riga tana cin lokacinta. Ribarsa tana ga ƙananan ayyuka da waɗanda kowace riga take da nata suna ko lamba.

A biranen Najeriya da Nijar, masu wannan sana'a sun fi samun aiki daga ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa, makarantu, ɗaliban da ke bikin kammala karatu, abokan ango da ƙananan 'yan kasuwa masu son rigar ma'aikata. Babban ƙalubalensu shi ne wutar lantarki. Injin mai matsakaicin girma yana jan wat 1,400 zuwa 2,000, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janareta na gida. Idan wuta ta yi rauni, farantin yakan daɗe bai koma zafinsa ba tsakanin riga da riga, kuma wanda ya yi gaggawar dannawa a wannan hali yakan ga kayan sun dawo masa bayan wankin farko.