Tarihin Yadda Rediyo Ta Shige Cikin Injin Wayarka

Wayar da ke hannunka rediyo ce, sai dai ita tana ji kuma tana magana. Yau za mu duba yadda aka yi ta cusa wannan rediyon cikin injin waya, da abin da ya sa ya kamata ka sani kafin ka miƙa wayarka gyara.

A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, ana kira minti ɗaya Naira 50. Wayoyin lokacin da yawansu eriyarsu a waje take, a tsaye kamar ƙaho, in ta karye kowa ya gani. Nokia 3210 ta 1999 tana cikin na farko da suka ɓoye eriya a ciki, sai 3310 ta biyo baya a 2000.

In ka buɗe 3310 za ka ga an raba injin gida biyu, kamar zaure da cikin gida. Gefe ɗaya ƙwaƙwalwa da wuta, ɗaya gefen na sabis: IC mai suna Hagar, da PA mai ƙara wa sigina ƙarfi, da makunnin eriya. An kifa musu gwangwani. Wannan gwangwanin ba ado ba ne. Siginar da ke zuwa daga dogon ƙarfen sabis ba ta da ƙarfi ko kaɗan, ita kuwa ƙwaƙwalwar waya hayaniyar lantarki take yi ba dare ba rana. In babu katanga a tsakani, hayaniyar ce za ta danne siginar.

Daga nan rediyoyin suka fara yawa. Ericsson na Suwidin ya fara aikin Bluetooth a 1994, ƙa'idar Wi-Fi ta farko ta fito a 1997, ga GPS, ga FM. Kowanne yana son eriya da wuri a inji ɗaya. Kamfanin MediaTek na Taiwan ya sauƙaƙa lamarin: ya riƙa sayar wa ƙananan masana'antu IC tare da manhaja da zanen injin gaba ɗaya, su dai su haɗa. Wannan ne asalin wayoyin Chana masu layi biyu da suka cika Farm Centre da titin Beirut. Saukin ya zo da nasa: wanda ya bi zanen, wayarsa ta kama sabis, wanda ya matse eriya don ya samu wurin babbar sifika, sai ƙara kamar gidan biki, sabis kuwa sai a tsakar gida.

Manya ma sun sha kasa. A 2010 Apple ya mayar da ƙarfen gefen iPhone 4 eriya. In tafin hannunka ya rufe ɗan tsagin da ke ƙasa ta hagu, sandunan sabis sai su zube, har sai da kamfanin ya raba rigar waya kyauta. A iPhone X ta 2017 kuma suka ninke injin hawa biyu, ɓangaren sabis a ƙasa, ƙwaƙwalwa a sama, an manne su da dalma. Shi ya sa faɗuwa ɗaya kan iya ɗauke sabis alhali gilashi bai ko tsage ba. MTN ya kawo 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, eriyoyi suka ƙara yawa a jikin waya.

A duk shekarun nan abu huɗu ba su canza ba. Eriya tana son fili, ba a sa mata ƙarfe a kusa. Layin da ke kai mata sigina an auna shi a kan om 50, faɗinsa da tsawonsa lissafi ne. Gwangwani dole ya zauna. PA kuma yana zuƙar wuta da ƙarfi lokacin kira, batir mai rauni ba ya iya masa.

To ina ruwanka? Mu nan Goron Dutse da sauran unguwannin cikin badala, ginin ƙasa mai kauri da rufin kwano sun riga sun cinye wani kaso na siginar kafin ta iso ɗaki. In aka ƙara da gyaran ganganci, shi ke nan. Wayoyi da dama na zuwa shago bayan an canza musu gilashi ko wurin caji, mai ita yana zagin kamfanin layi, ana buɗewa sai a ga siririyar wayar eriya ba a maƙala ta ba, ko an jefar da gwangwani, ko an yi joni da waya a kan layin sigina.

Don haka in za ka ba da gyara, duba sandunan sabis a shagon kafin a buɗe, ka sake dubawa kafin ka biya. Ka yi kira, ka kunna data, Wi-Fi da Bluetooth. In an canza ƙaramin injin caji, tambaya ko irin na wayar ne, don a wayoyi da yawa ta nan eriyar ƙasa take bi. Ka kuma ce a ƙirga maka kusoshi, wasu su ne ke danne eriya a mazauninta.

Wace waya ka fara riƙewa, mai ƙaho ce ko marar ƙaho? Allah Ya sa mu dace.