Ciwon dajin taimus

Ciwon dajin taimus wani nau'in sankara ne da ba a cika samun sa ba, wanda ke tsirowa a taimus, wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu. A cikinta ne wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke nuna. Tana girma a lokacin ƙuruciya, bayan balaga kuma ta riƙa motsewa tana komawa kitse.

Ire-irensa

Manyan nau'o'insa biyu ne. Taimoma ta fi yawa, kuma tana girma a hankali. Kasinomar taimus ta fi saurin yaɗuwa da wuyar magani. Cutar ta fi kama masu shekara 40 zuwa 70.

Alamomi

Wasu ba sa jin komai, sai an ɗauki hoton ƙirji don wata lalura a ga ƙarin. Wasu kuwa suna fama da tari, ciwon ƙirji da haki. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu taimoma suna da mayasteniya girabis, cutar da ke raunana tsoka: fatar ido ta riƙa faɗowa, mutum ya riƙa gani bibbiyu, haɗiya ta yi wuya.

Gano cutar

A ƙauyukan Garki da sauran sassan Jihar Jigawa, tarin fuka ake fara zargi idan tari ya daɗe. Idan gwajin majina bai nuna shi ba, ko magani bai yi aiki ba, ana bukatar ƙarin bincike. Hoton siti sikan ne ke nuna girman ƙarin da inda ya kai, gwajin tsoka kuma ya bambanta shi da limfoma. Likitoci na auna matakin cutar da tsarin Masaoka na 1981, mai matakai huɗu.

Magani

Babban magani shi ne tiyata a cire taimus ɗungurungum, kuma yawancin waɗanda aka yi wa da wuri suna warkewa. Idan ƙarin ya bazu, ana haɗawa da gashi ko kemoterafi. Akan tura majinyata manyan asibitoci, irin su Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, mai sashen gashin daji. Taimoma na iya dawowa bayan shekaru goma, don haka ba a daina zuwa ganin likita ko an ji sauƙi.